Karatun Bazara a Fannin Tsara Filaye: Kafin a Biya, a Tambayi Abin da Hannu Zai Yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sammini fili a jaridarka in yi magana a kan wani fanni da ba a cika kawo shi ba idan ana lissafa kwasa-kwasan da jami'o'i ke buɗewa a lokacin hutun bazara, wato ilimin tsara filaye da shimfiɗar ƙasa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne 'yar yayana. Tana shekara ta uku a fannin ilimin tsirrai, fannin da ni ma na karanta. Kwanakin baya ta turo mini tallace-tallace guda huɗu na kwasa-kwasan bazara a wannan fanni, ta ce, "Gwaggo, wanne zan ɗauka?" Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Duk huɗun hotuna iri ɗaya ne: furanni, ciyawa kore shar, ɗalibai zaune a inuwa suna dariya. Babu wanda ya nuna hoton mutum a duƙe kan tebur ƙarfe biyun dare yana goge layin da ya ja sau bakwai. Na fara rubuta mata amsa, sai na ga amsar ta yi wa saƙon waya tsawo, kuma na tabbata ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Da farko a san me ake zuwa koyo, domin a nan ake fara tuntuɓe. Da yawa sun ɗauka mai tsara filaye shi ne wanda ake kira bayan an gama gini ya zo ya jera tukwanen fure. Ni ma haka na ɗauka. Amma aikin ya fi kusa da ruwa da ƙasa fiye da fure: ina ruwan sama zai bi idan ya sauka, ina zai tsaya, ina mutum zai taka, ina inuwa za ta faɗi da ƙarfe uku na rana, wace bishiya ce za ta rayu a nan bayan shekara arba'in ba tare da saiwarta ta tsaga daɓe ba. Central Park da ke tsakiyar birnin New York, wanda baƙo zai rantse daji ne aka bari aka kewaye da gidaje, kusan komai nasa da hannu aka yi. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux ne suka ci gasar zana shi a 1858. Fili ne mai eka 843. An haƙa tafkuna, an fasa duwatsu, an yi cikon ƙasa, an kuma nutsar da hanyoyi huɗu da ke ratsa shi ƙasa da idon mai yawo don kada ababen hawa su ɓata masa kallo. Kuma kafin a fara, a 1857, sai da aka tashi mutanen wata unguwa mai suna Seneca Village, wadda yawancin mazaunanta baƙaƙen fata ne. Wannan ma yana cikin darasin fannin: duk layin da aka ja a takarda, akwai wanda zai faɗo a kansa. Olmsted ɗin nan ne kuma ya tsara fadamar Back Bay Fens a Boston, kuma abin da ya kai shi can ba ado ba ne, ambaliya ce da ƙazantar ruwa.

A matsayin karatun jami'a, fannin ba tsoho ba ne can. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka an kafa ta a 1899, da mutum goma sha ɗaya, mace ɗaya tak a cikinsu, Beatrix Farrand. Jami'ar Harvard ta buɗe digirin fannin a 1900. Ƙungiyar duniya kuwa, IFLA, sai a 1948 aka kafa ta a Cambridge ta Ingila.

Sai kalmar bazara ita kanta. A Turai da Arewacin Amurka ana nufin Yuni zuwa Agusta, lokacin da jami'o'i ke dogon hutu kuma ɗakunan zane ke zaune ba kowa. A ƙasashen kudancin duniya irin su Afirka ta Kudu da Ostireliya da New Zealand, nasu zafin Disamba zuwa Fabrairu ne. Ƙaramar magana ce, amma na san wanda ya ɓata makonni yana neman kwas ɗin Yuli a inda Yuli tsakiyar hunturu ne kuma tsakiyar zangon karatu.

To, bari in faɗi kuskurena, tunda da shi na sayi ɗan abin da na sani. Kwas ɗin bazara na farko da na biya, a Turai ne, mako biyu. Ba zan kama suna ba. An kira shi "nazarin manyan lambuna", kuma akwai tambarin wata jami'a a saman takardar. Sai da na isa na gane jami'ar ɗakin kwana kawai ta bayar haya. Masu shirin daban ne. Kullum da safe mu hau bas, a sauke mu a ƙofar wani lambu, wani ya yi gaba riƙe da tuta yana zuba tarihin sarakuna, mu ɗauki hotuna, mu koma bas. Na dawo da hotuna fiye da dubu da takardar shaida mai zanen zinariya a gefe. Da na zauna in rubuta abin da na koya, ban cika shafi ɗaya ba. Ban auna faɗin hanya ko ɗaya ba. Ban tambayi inda ruwan maɓuɓɓugan nan ke fitowa ba, ba kuma wanda ya sa ni in tambaya. Yawon buɗe ido na yi, aka sa masa rigar karatu. Ba laifi ba ne mutum ya yi yawon buɗe ido, amma ya san shi ya saya.

Bayan shekara biyu na sake gwadawa, wannan karon a wata jami'a a Arewacin Amurka, irin kwas ɗin da ake kira sutudiyo, wato ɗakin zane. Shi ne nau'in da nake son in fi tsayawa a kai, domin shi ne na ga ya fi amfani ga wanda bai taɓa karanta zane ba. Manyan makarantu da dama suna yin sa. Makarantar zane ta Harvard tana da nata da ya daɗe, a da ana kiransa Career Discovery, yanzu Design Discovery, kuma ya yi shekaru da yawa ana yin sa mako shida. Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley tana da wanda take kira INLAND, tare da 'yan uwansa biyu na zanen gine-gine da tsara birane, an kuma shirya su musamman don waɗanda suka karanta wani abu daban suke son su gwada ko za su iya. Tsarin duk kusan ɗaya ne. A ba ka tebur naka, a ba ku wani fili na gaske a cikin birni, ku je ku zagaya shi da ƙafa, ku auna, ku zauna ku ga yadda mutane ke amfani da shi, sannan ku dawo ku zana abin da kuke ganin ya kamata ya zama.

A ajinmu akwai lauya, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai wani da ya yi shekara goma yana aikin banki, akwai yara masu shekara ashirin da ɗaya. Na shiga da fariyar cewa ni ce na san tsirrai, don haka ni ce a gaba. Mako na farko ko sunan bishiya ɗaya ba a tambaye mu ba. Gawayi aka ba mu da takarda mai shara-shara, aka ce mu zana inuwa kawai, ban da abin da ya yi inuwar.

Ranar da ba zan manta ba a mako na uku take. An ba mu taswirar wani tudu mai layukan nan masu lanƙwasa da ke nuna tsayin ƙasa, kowane layi rabin mita sama da na ƙasansa. Aka ce kowa ya fitar da hanya daga ƙofa zuwa wurin zama a ƙololuwar tudun, hanyar da mai keken guragu zai hau shi kaɗai ba mai tura shi, kuma kada ruwan sama ya shiga ginin da ke gindin tudun. Na ja hanya miƙaƙƙiya samɓal, na jera mata bishiyoyi hagu da dama, na shafa launi har ina jin daɗin kaina. Malamar ta zo ta tsaya a kaina, ba ta ce uffan ba, ta ɗauki rula ta auna. Tsawon hanyar mita 40. Ta ƙirga layukan da hanyar ta tsallaka: goma sha biyu, wato hawan mita 6. Ta rubuta a gefen takardata, 15 cikin 100. Sannan ta ce hanyar tafiya ta yau da kullum ba ta wuce 5 cikin 100, wato hawan mita ɗaya a cikin mita 20; ko gangaren da aka gina musamman don keken guragu, da abin riƙewa da wuraren hutawa, iyakarsa mita ɗaya a cikin 12. Don haka hawan mita 6 yana buƙatar hanya mai mita 120, ninki uku na tawa. Ta ce, "Nemo inda za ki ɓoye sauran mita 80 ɗin." Kwana biyu na yi ina lanƙwasa hanya a jikin tudu kamar maciji, kuma duk inda na lanƙwasa sai na yanki ƙasa a sama na yi ciko a ƙasa, sai kuma lissafin yanka da ciko ya ƙi daidaita.

Da na ce na gama, aka sa muka gina tudun da yumɓu. Malamar ta ɗebo ruwa a kofi ta tsiyaya a saman nawa. Duk ajin na kallo, ruwan ya bi sabuwar hanyata tiryan-tiryan, bai tsaya ko'ina ba sai bakin ƙofar ginin. Ashe na yi wa ruwa titi. A ranar na koyi cewa ko filin da ido ke gani shimfiɗe, ana ba shi ɗan gangare kamar santimita 2 a kowace mita don ruwa ya san inda zai nufa, kuma mai zane ne ke zaɓa masa inda zai nufa, in kuwa bai zaɓa ba ruwan zai zaɓa da kansa. Tun ran gini ran zane, in ji masu magana. A wannan sana'a ma tun kafin ginin ne.

Sai zaman suka. Duk ƙarshen mako kowa ya manna aikinsa a bango, ya tsaya a gaban malamai da baƙin da aka gayyato daga kamfanonin zane, ya yi bayani cikin minti biyar, su kuma su yi minti goma sha biyar suna warware shi zare-zare. Wanda bai saba a ce masa "wannan bai yi ba" a gaban jama'a ba, zai sha wuya. Lauyan nan da na ambata, bayan zama na biyu ya ce ya gode, ya gane ba hanyarsa ba ce. Ya ƙarasa kwas ɗin cikin raha ya koma lauyancinsa. Ban ɗauke shi a wanda ya yi asara ba. Mako shida ya kashe ya gano abin da wani sai ya ci bashi ya shiga digirin shekara uku zai gano. A wurina wannan shi ne babban amfanin kwas ɗin bazara: wurin gwada kai ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma akan san ko kai ɗin ma kana son abin, ko hotonsa kake so.

Amfani na biyu shi ne kundin ayyuka. Makarantun da ke ba da digiri na biyu a fannin ba sakamakon jarrabawa kaɗai suke dubawa ba. Suna son su ga zanen hannunka, da yadda tunaninka ya tashi daga zanen farko mai kama da tafiyar kaza har ya kai ga na ƙarshe. A Amurka wanda digirinsa na farko ba na zane ba ne yakan yi shekara uku a digiri na biyu, wanda ya riga ya karanta fannin kuma yakan yi biyu. Mai shigowa daga ilimin tsirrai ko aikin gona ko injiniyanci ba shi da abin sakawa a kundi, to kwas ɗin sutudiyo ne ke ba shi aiki uku ko huɗu na farko. Shawarata a nan: kada a yar da komai. Takardun da aka goge, hoton yumɓun da ruwa ya kunyata ni, duk sun shiga kundina, kuma su aka fi yi mini tambaya a kansu.

Amma a yi hattara, kada a yi wa rogo kallon kitse. Takardar kwas ɗin bazara, ko da sunan wace jami'a ke kanta, ba digiri ba ce, ba kuma lasisin aiki ba ce. A Amurka hanyar da aka saba ita ce digiri daga shirin da hukumar tantancewa ta LAAB ta amince da shi, sai aiki ƙarƙashin ƙwararre, sai jarrabawar LARE, sannan jiha ta ba ka lasisi. A Birtaniya ta hannun ƙungiyar masu sana'ar, Landscape Institute, ake bi, wadda aka kafa a 1929. Mako huɗu ko shida ba sa tsallakar da kowa wannan layi. Zuwa kwas ɗin bazara na wata jami'a kuma bai zama alƙawarin za ta ɗauke ka digiri ba.

Ban ce duk karatun tafiye-tafiye banza ba ne, don nawa ya zo da matsala. Gani ya kori ji, musamman a fannin da abin koyo yake shimfiɗe a ƙasa. Jami'o'i da yawa kan kwashi ɗalibansu su kai su Rum ko Kyoto ko Copenhagen a bazara, kuma idan malamin fannin ne ke jan tafiyar, abin ya sha bamban. Copenhagen, babban birnin Denmark, misali ce mai kyau. Ranar 2 ga Yuli, 2011, an yi ruwan da ya kai kusan milimita 150 a cikin sa'o'i biyu, birnin ya cika. Bayan nan suka fito da shirin sake fasalin unguwanni don su riƙe ruwa maimakon su tura shi duka cikin bututu. Dandalin Tåsinge Plads da lambun Enghaveparken daga wannan shiri suka fito. Na biyun, ranar da babu ruwa wurin wasa ne da zama, ranar babban ruwa kuma ya koma tafki. A Rotterdam ta ƙasar Holan akwai dandalin Benthemplein da aka buɗe a 2013, filin ƙwallo ne a cikin rami mai matakala, wanda ke karɓar ruwan rufin gidajen da ke kewaye. A Granada ta Sifaniya, lambunan Alhambra da Generalife suna shan ruwan da aka janyo daga kogin Darro ta magudanar da sarakunan Musulmi suka haƙa tun ƙarni na 13, ba famfo ba inji, gangare kawai. Haka maɓuɓɓugan Villa d'Este a Tivoli kusa da Rum, na ƙarni na 16. Ɗalibin da aka ba tef ɗin awo da littafin zane aka ce ya bi ruwan nan daga inda ya shigo har inda ya fita, ya koyi abu. Wanda aka ba tuta ya bi, ya ga wuri ne kawai. Tambayar da za a yi wa masu shirin tun kafin a biya ita ce: wa zai jagorance mu, me yake koyarwa a sauran watannin shekara, kuma me za a ce in miƙa a ranar ƙarshe? In babu abin miƙawa, babu karatu.

Akwai wani nau'in da ban samu yi ba kuma har yau ina jin haushin hakan: wanda ɗalibai ke zanawa sannan su gina da hannunsu. Jami'ar Washington da ke Seattle ta yi suna a kansa, ɗalibanta sun gina lambuna a asibitoci da makarantu a gida da waje. Wanda ya taɓa cakuɗa siminti ya ɗauki dutse da hannunsa ba zai sake zana bango mai wuyar ginawa don burgewa kawai ba. Kusa da wannan akwai zaman koyon aiki a kamfanonin zane, waɗanda da yawansu ke ɗaukar ɗalibai a bazara, wasu ma su biya su. Sai dai yawanci waɗanda suka riga suka fara digirin fannin suke nema. Mai son tarihi da bincike fiye da zane kuma ya leƙa Dumbarton Oaks a birnin Washington, cibiyar da ke ƙarƙashin Harvard, wadda ke da sashen nazarin lambuna da filaye, kuma lambunta Beatrix Farrand ɗin nan ce ta tsara shi. Mai jin Faransanci ya san da makarantar tsara filaye ta ƙasa da ke Versailles, wadda ke zaune a cikin lambun da aka yi wa Sarki Louis na 14 tsakanin 1678 da 1683.

Na intanet fa? Suna da amfaninsu: manhajojin zane irin su AutoCAD da Rhino, da na taswira irin su QGIS, wadda kyauta ce, duk ana iya koyonsu daga ɗaki. Gara ma a koye su kafin a tafi, kada a ɓata mako biyu cikin shida ana neman inda maɓalli yake. Abin da allon kwamfuta ba ya bayarwa shi ne hawan tudu da ƙafa, da mutumin teburin kusa da kai wanda za ka saci dabara a wurinsa.

Yanzu maganar takardu, wadda ba daɗi gare ta ba amma ita ke kayar da mutane. Ba kowane kwas ne ke ba da makin da jami'arka za ta lissafa ba. A Turai ana amfani da ma'aunin ECTS: shekarar karatu guda maki 60 ce, maki ɗaya kuma aikin sa'a 25 zuwa 30 ne, don haka kwas ɗin mako biyu ba zai ba da wani abu mai yawa ba. Ko ya bayar, jami'ar da kake ciki ce za ta ce ta karɓa ko ba ta karɓa ba, saboda haka a samo amincewar shugaban sashe a rubuce kafin a tafi, ba bayan an dawo ba. Biza ma ta danganta da nau'in kwas. Ta ɗan gajeren zama a ƙasashen Turai masu biza ɗaya, wato Schengen, kwana 90 ce a cikin 180. Birtaniya tana barin mai bizar ziyara ya yi karatun da bai wuce wata shida ba a makarantar da aka amince da ita. Amurka kuwa, cikakken karatu mai maki yana buƙatar bizar ɗalibi, kuma sai makarantar ta fara aiko maka da takardar da ake kira I-20. Don haka tambayar farko ga ofishinsu ita ce ko suna ba ɗaliban bazara wannan takarda. Duk wannan yana cin watanni. Kwas ɗin Yuni da Yuli, yawanci tun farkon shekara ake buɗe neman shiga, kuma neman tallafin kuɗi ne ke fara rufewa. Wanda ya farka a watan Mayu ya shirya wa baɗi.

Kuɗin da aka rubuta a talla kuma ba shi ne kuɗin ba. A tambaya ko ya haɗa da masauki, da inshorar lafiya, da kayan aiki. Ni kayan aikin ne suka ba ni mamaki: kwali, yumɓu, wuƙaƙen yanka, gam, da kuɗin buga manyan takardu duk mako. A kuma tambaya ɗalibai nawa ne ga malami ɗaya. A sutudiyonmu mu goma sha biyu ne, malamar tana zama a teburin kowa kusan kullum. In aka ce arba'in ga malami ɗaya, lacca ce, a kira ta da sunanta.

Wani abu da nake son 'yar yayana ta riƙe, tunda ita ma ta tsirrai ce: jerin bishiyoyin da za a koya mata a kwas, na ƙasar da aka yi kwas ɗin ne. Ba sa bin mutum a jaka. Abin da ke bin mutum shi ne yadda ake karanta fili. Lambun Al-Azhar na birnin Alƙahira, da gidauniyar Aga Khan ta gina aka buɗe a 2005, a kan tulin shara da ɓaraguzan gini na kimanin shekara 500 aka yi shi, kuma sai da aka yi ta gwajin tsirrai a wuraren raino kafin a gano waɗanda za su jure wa gishirin ƙasar. A Sin, marigayi Kongjian Yu na Jami'ar Peking ya yi shekaru yana kiran a bar birane su riƙa tsotse ruwa kamar soso maimakon a ɗaure koguna da kankare, har gwamnati ta fara gwada tsarin a birane 16 a 2015. Shi kuwa ya sha cewa daga gonakin ƙauyen da ya tashi ya ɗauko dabarar. Babu ɗayan waɗannan da aka kwafo daga littafin furannin wata ƙasa. Kwas ɗin da ya koya maka tambayar ƙasa da ruwa da rana da mutanen wuri, ya ba ka abin da za ka yi aiki da shi ko'ina. Wanda ya ba ka sunayen furanni ɗari, ya ba ka abin da zai bushe a hanya.

A cikin tallace-tallace huɗun da ta turo, biyu na ce ta ajiye, domin ko sunan malami ɗaya babu a ciki. Na uku na intanet ne, na ce ta yi shi yanzu da daddare in tana da hali. Na huɗu sutudiyo ne na mako biyar, na ce ta rubuta musu ta tambayi yawan ɗalibai ga malami, da maganar maki, da takardar biza, ta kuma roƙi su nuna mata aikin ɗaliban bara. Kafin su amsa kuma na ba ta nawa aikin. Na ce ta zaɓi fili ɗaya da take wucewa kullum a cikin makarantarsu, ta auna shi da taku, ta zana shi a takarda, ta je ta zauna a wurin sau uku a rana ɗaya tana sa alama a inda inuwa take da inda mutane ke yanke hanya su bar wadda aka yi musu. Ranar da aka yi ruwa kuma ta ɗauki lema ta fita, ta bi ruwan ta ga inda yake zuwa. Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, mutane za su ce na zautu." Na ce mata haka aka ce da ni. Jiya ta turo mini zanen farko, da kibiyoyi shuɗɗa sun taru a wani lungu bayan ɗakin karatu, ta rubuta a ƙasa cewa shekara uku tana bi ta wurin ba ta taɓa lura magudanar a sama da ruwan take ba.

Na gode, Edita, da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Wata mai karatunku, tsohuwar ɗalibar ilimin tsirrai